Kuɗin kanti daban, na takarda daban: rigimar farashin kayan gini a Konni, Malbaza da Illela

Da zarar ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, sai kakar gini ta kama a Konni da ƙasar Adar. Daga watan Nuwamba har faɗuwar ruwan farko, duk unguwar da ka shiga za ka tarar da tulin yashi a ƙofar gida, masu buga bulo sun shanya aikinsu a fili, amalanken jaki na kai da komo da durom na ruwa. Da yawa daga cikin waɗannan gine-gine, masu su ba sa gari. Suna Abidjan, ko Legas, ko Libiya, ko Aljeriya, suna aiko da kuɗi kaɗan-kaɗan ta Nita ko Al Izza, suna kallon ginin ta hotunan WhatsApp.

A ranin da ya gabata ni ma na tsinci kaina a tsakiyar irin wannan aiki. Yayana da ke Abidjan ya ƙuduri gina ɗaki biyu da falo a ƙauyenmu, ya ɗora mini kula da kuɗin. Maginin da muka ɗauka, dattijo ne da ya yi wa mahaifinmu aiki, ya kawo takardar ƙiyasi mai buhun siminti 120. Yayana ya kira wani abokinsa mai kanti a Konni ya tambayi farashi, sai ya ga a kowane buhu an ɗora dala saba'in, wato sefa 350. A buhu 120, jaka 42 ke nan.

Da daddare ya aiko mini da saƙon murya, ransa a ɓace: "Je ka tambaye shi, jaka arba'in da biyun nan na mene ne? Ni nan a rana nake samo su."

Wannan tambaya ce ke raba magina da masu gida a gundumomin Konni, Malbaza da Illela kowace shekara. Wani lokaci amsarta halal ce tsantsa, wani lokaci kuma ha'inci ne. Matsalar ita ce takardar da ake miƙa wa mai gida ba ta cika nuna wanne ne ba.

Siminti a bayan gida

Abin da ke ƙara wa mutanen yankin nan zafin rai shi ne, a ƙasarsu ake yin simintin. Tun shekarun 1960 masana'antar siminti ta farko a Nijar ke Malbaza, saboda dutsen farar ƙasa da ke yankin. A watan Maris na 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya ƙaddamar da sabuwar masana'antar Malbaza Cement Company, wadda aka tsara ta fitar da tan 650,000 a shekara. A Badaguichiri ta gundumar Illela ma akwai masana'antar CBM. Mutumin Galmi ko Dogarawa ko Tsarnawa yana ganin manyan motoci ɗauke da siminti suna wuce shi a kan babbar hanya zuwa Yamai ko Maradi, don haka da wuya ka gamsar da shi cewa buhu ya yi tsada kafin ya iso ƙofar gidansa.

Bayan ambaliyar daminar 2024, wadda ta yi sanadin mutuwar sama da mutum 300 a faɗin ƙasar, ta kuma rushe dubban gidaje, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage farashin siminti mai lamba 32.5 da kusan kashi 35 cikin ɗari a watan Oktoba na shekarar, ta hanyar ɗauke masa haraji. An ƙayyade wa kowace jiha nata farashin. A Yamai tan ɗaya ya koma jaka 55. Tan ɗaya buhu 20 ne masu kilo 50, don haka lissafin ba shi da wuya: ko yaron makaranta zai raba ya gaya maka kuɗin buhu.

Labarin ya zagaya rediyo da wayoyin 'yan ci-rani cikin kwana ɗaya. Tun daga nan duk mai gida ya samu ma'aunin da zai riƙe, kuma abu ne mai kyau. Sai dai ma'aunin yana da iyaka. Ya shafi siminti iri ɗaya ne, bai haɗa da rodi, kwano, katako, ƙusa ko fenti ba. Haka kuma kuɗin da aka faɗa ba ya ɗauke buhu daga kanti ya kai shi ƙauyen da ke nesa da kwalta.

Kayan da ke bin iyaka

Sauran kayan gini kuwa, farashinsu yana rawa ne da kiɗan iyaka. Birnin Konni na fuskantar Illelar Najeriya, ta jihar Sakkwato (ba Illelar jihar Tahoua ba), kuma rodi, kwano, kayan wuta da na famfo da dama ta nan suke shigowa. Simintin BUA na Kalambaina, a gefen Sakkwato, shi ma bai yi wa Konni nisa ba.

A cikin 'yan shekarun nan hanyar ta sha toshewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A ƙarshen Mayun 2023 ta cire tallafin man fetur, a watan Yuni ta saki darajar naira. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Ta ɓangaren Benin kuma, kayan da a da ke sauka a tashar ruwa ta Kwatano suka koma bin doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa kuɗin mota ko kuɗin kaya.

Ga ɗan kwangila, wannan na nufin farashin da ya rubuta yau ba lalle ya same shi bayan wata biyu ba. Ga mai gida kuma, akwai wata ƙofar da ba ya gani: wanda ya sayi kaya da naira ya rubuta su da sefa, shi ke zaɓar canjin da zai yi lissafi da shi. Idan naira ta faɗi tsakanin ranar ƙiyasi da ranar saye, rarar na iya tsayawa a aljihunsa ba tare da ya ƙara ko dala ɗaya a takarda ba. Idan kuma ta tashi, shi zai fara kira ya ce kuɗi ba su isa ba.

Yarjejeniya uku, suna ɗaya

A bakin mutane duk "kwangila" ake cewa, amma a aikace hanya uku ce.

Ta farko ita ce jinga: mai gida ya sayi kayansa, magini ya karɓi kuɗin hannunsa kawai, ko a kan ɗaki, ko a kan yawan bulo, ko a kan yini. A nan babu rigimar farashi, sai dai ta ɓarnar kaya.

Ta biyu ita ce saƙo: mai gida ya ba magini kuɗi ya sayo masa kaya. A nan magini wakili ne, kuɗin ba nasa ba ne.

Ta uku ita ce kwangila gaba ɗaya: a yi ciniki a kan kuɗi dunƙule, ɗan kwangila ya gina ya miƙa mabuɗi. Idan kaya sun yi sauƙi ribarsa ce, idan sun yi tsada asararsa ce.

Rigima na tasowa ne inda aka cakuɗa ta biyu da ta uku. Magini ya karɓi kuɗi a matsayin ɗan saƙo, amma ya yi lissafi kamar ɗan kasuwa; ko kuma mai gida ya ba da kwangila dunƙule, daga baya ya dawo yana neman rasiɗin kowace ƙusa.

Fiƙihun ciniki ya daɗe da raba waɗannan. Wakili amintacce ne: abin da ya sayo da kuɗinka naka ne a kan farashin da ya saya, kuma ragin da aka yi masa naka ne, sai abin da kuka amince a matsayin ladansa. Wanda kuwa ya sayi kaya da kuɗinsa ya sayar maka, yana da damar cin riba. Amma idan ya ce maka "kaza na saya", to dole maganar ta zama gaskiya, domin a kanta ka gina yardarka. Wannan shi ne asalin cinikin da malamai ke kira murabaha: a faɗi uwar kuɗi, a faɗi riba.

Abin da ke cikin ƙarin

Da na je wurin magininmu da tambayar yayana, bai yi fushi ba. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya ce: "Ɗana, kai kuɗin kanti ka gani. Buhun nan da ƙafarsa zai zo?"

Ya warware mini dala saba'in ɗin nan. Dala talatin kuɗin mota ne daga Konni zuwa ƙauye. Dala goma na masu lodi da saukewa. Sauran dala talatin, ya ce, nasa ne: yinin da zai ɓata a kasuwa, man babur, katin waya, da buhun da zai fashe a hanya wanda ba wanda zai biya shi. Wato cikin jaka 42, jaka 18 na mota, jaka 6 na lodi, jaka 18 kuma ladan da ya yanka wa kansa bai gaya wa kowa ba.

Na tambaye shi, "Baba, me ya hana a rubuta haka tun farko?" Ya yi dariya ya ce, da ya rubuta "ladan sayayya" a layi na daban, da shi yayana zai fara sokewa.

A nan gizo ke saƙar. Masu gida kan matsa wa magini a kan kuɗin aiki har sai ya sauko ƙasa da abin da zai riƙe shi da leburorinsa, domin kuɗin aiki ne kaɗai ake ganin ana iya tayawa. Magini ya karɓa don kada aikin ya kuɓuce masa, sannan ya nemi cikon a cikin kaya. Kowa ya san ana yi, ba wanda ke faɗa.

Akwai kuma dalilan da suka shafi 'yan ci-rani musamman. Kuɗinsu ba sa zuwa lokaci ɗaya. Magini kan karɓi kaya bashi a kanti da sunansa don kada aiki ya tsaya, kuma farashin bashi ba ɗaya yake da na kuɗi hannu ba. Siminti ba ya son ajiya. Idan ya daɗe ko ya sha danshi sai ya daskare. Idan kuma kamfani ne mai rajista da lambar haraji, takardarsa na ɗauke da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari, wanda maginin unguwa ba ya rubutawa.

Sai kuma abin da ba shi da kariya: la'adar da mai kanti ke ba magini a ɓoye don ya riƙa kawo masa ciniki, da rasiɗi biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na mai gida. Magina ma suna da nasu ƙorafin a nan. Sau da yawa, in ji su, ɗan'uwan da aka wakilta ya kula da aikin ne ke zuwa ya ce a ƙara adadi a takarda don ya samu na cefane, idan asiri ya tonu kuma sunan magini ne ke ɓaci.

Idan mai gida ya yi tambaya

Martanin 'yan kwangila ga wanda ya tuhumi farashi bai wuce iri huɗu ba.

Akwai mai buɗe littafi, ya nuna rasiɗi, ya rarrabe kuɗin kaya da na mota da ladansa. Irin wannan yakan rasa wani abu a aikin farko, amma sunansa ne ke yawo a tsakanin 'yan gari ɗaya da ke zaune a Abidjan ko Tripoli, inda maganar mutum ɗaya ke jawo aiki biyar.

Akwai mai cewa ka sayo kayanka da kanka. Wannan amsa ce mai kyau idan da zuciya ɗaya aka faɗe ta, sai dai mai gida ya sani nauyi ya dawo kansa: idan rodi bai isa ba, ko yashi ya zo da laka, ko leburori suka yini zaune suna jiran mota, shi zai biya. Yawanci kuma kuɗin aiki kan tashi, domin abin da magini ke samu a kaya ya fita.

Akwai mai mayar da magana ta koma ta mutunci: shekara nawa muna tare, yanzu ni za ka tuhuma? A ƙauye, inda magini na iya zama kawu ko suruki, wannan kan rufe bakin yaro nan take. Amma ba ta amsa tambayar ba.

Na huɗu shi ne mafi haɗari: mai rage farashi nan take ba gardama, ya je ya fanshe a cikin bango. Mai gida ya yi murna ya ci ciniki, bai san an mayar da jaka ashirin ɗinsa tsagewar da zai gani bayan damina biyu ba.

Lissafin da kowa zai iya

Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya kama irin wannan. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20, guda goma sha biyu da rabi ke rufe murabba'in mita ɗaya. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 zai ci bulo 375. A ce an yi magana a kan bulo 30 a buhu: buhu goma sha biyu da rabi ke nan. Idan mai bugawa ya ja shi zuwa 45 a buhu, bai kai buhu tara ba zai gama. Buhu huɗu sun fita daga bango ɗaya, kuma a hoto ba za ka ga bambanci ba. Sai ka murza gefen bulon da yatsa ka ga yana zuba.

Kankaren ginshiƙi da linta da dabe na sama, ƙa'idar da aka saba ita ce kilo 350 na siminti a kowace mita mai cubic ɗaya, wato buhu bakwai. Rodi kuma da nauyi ake gane shi, ba da suna ba. Sanda mai tsawon mita 12, idan lamba 8 ce tana kai kusan kilo 4.7, lamba 10 kusan kilo 7.4, lamba 12 kusan kilo 10.7. Wanda aka sayar maka a matsayin lamba 10 amma ya hau sikeli ya tsaya a kilo shida, sunansa kawai ka saya.

Darasin Yama

A gundumar Illela akwai ƙauyen Yama, inda magini Falke Barmou ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari suka taimaka da aikin gayya. Ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara sabon masallaci da bulon jar ƙasa da aka matse, aka mayar da tsohon ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018.

A ginin ƙasa, kayan na ƙarƙashin ƙafar kowa, don haka abin da ake girmamawa, ake kuma biya, shi ne gwanintar magini. Da siminti ya zo, sai ido ya koma kan buhu da rodi, hannun mai aiki ya zama abin tayawa. Muddin ana ganin kuɗin aiki a matsayin wurin ragi, ladan magini zai ci gaba da ɓuya a cikin farashin kaya.

Kafin a aiko da kuɗi

Ga wanda ke nesa, abubuwa kaɗan ne ke rage rigima. A fara da tantance irin yarjejeniyar: jinga ce, saƙo ne, ko kwangila dunƙule. A sa takardar ƙiyasi ta raba kuɗin kaya, kuɗin mota da lodi, kuɗin aiki, da ladan sayayya, kowanne a layinsa. A rubuta ranar da aka ɗauki farashin da tsawon kwanakin da zai yi aiki. Idan da naira za a saya, a faɗi canjin. A rubuta yawan bulo a buhu da lambar rodi. A biya mataki-mataki: harsashi, linta, rufi, shafe. A ajiye buhunan da aka juye don a ƙirga. Wanda ke riƙe kuɗi kada ya zama shi kaɗai ke duba aiki, kuma shi ma a yanka masa ladansa a fili. A yi komai gaban shaidu biyu.

Idan magana ta lalace, dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigingimu irin waɗannan, tun daga mai gari har zuwa sarki, kafin a kai ga kotu a Konni ko Illela. Amma ko a fada ko a kotu, tambayar farko ita ce me aka yi alkawari a kai, kuma saƙon murya da aka goge ba ya zama shaida.

Mu dai a namu aikin, an sake rubuta takardar. Siminti ya koma farashin kanti, mota da lodi suka samu layinsu na jaka 24. Yayana ya so a soke sauran jaka 18 ɗin gaba ɗaya, magini ya ce to a nemi mai zuwa kasuwa. Bayan kwana biyu ana kai ruwa rana ta waya, aka tsaya a kan jaka 12 a matsayin ladan sayayya, da sharaɗin kowane rasiɗi zai zo hannuna, kuma bulo ba zai wuce 30 a buhu ba. Jaka shida kacal yayana ya rage. Buhunan da aka juye suna nan ɗaure a zaure, guda 120, yana cewa kada a taɓa su sai ya zo da Babbar Sallah ya ƙirga da kansa.